Tayin da Na Yi Domin Baba

Zuwa ga Baban 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Yaya aikin gadar, yaya abokan aiki? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Tunda wayarku can ba ta shiga sai an hau tudu, na ce bari in rubuta in ba direban kamfaninku ya kai maka.

Maganar Baba ce. Ka san tun da ya rufe shagon hoto, sannan Umma ta rasu, ba ya wuce kujerar nan ta bakin taga. To ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ɗakin ajiya ya yi yoyo, muka fito da kaya. A nan na ci karo da akwatin ƙarfensa cike da negetif, baƙaƙen fim ɗin nan na tsohuwar kyamara da ake wanke hoto daga jikinsu. Na sama har sun fara fumfuna. Baba ya ɗauki ɗaya ya kara a hasken taga, ya daɗe yana ƙifta ido, sannan ya ajiye ya ce in ba masu shara, yanzu babu mai wanke irinsu, shi ma idonsa ba ya gane komai a jiki. Yadda ya faɗa ɗin ne ya tsaya mini a rai. Aikin rayuwarsa ne fa, kuma Umma tana ciki.

Ban zubar ba. Na tura akwatin ƙarƙashin gadonmu na shiga bincike. Ashe akwai wata sikana ta musamman da ke karanta negetif ta fito da hoton a kwamfuta. Sabuwa ta fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Amma abokiyar aikina a kantin magani ta nuna mini wani shafin gwanjo a intanet, inda mutane ke sa kayan da suka yi amfani da su, kowa ya taya, wanda tayinsa ya fi a lokacin rufewa shi ake sallama wa. Na sami guda ɗaya mai ɗan ƙarzuwa a murfi, mai ita ya ce tana aiki. Na taya.

Har ina ganin yadda ka ɗaga gira. Kwantar da hankalinka. Kuɗin ba hannun mai kaya yake zuwa ba, shafin ne ke riƙe shi amana, sai kaya sun iso na gwada na ce na yarda, sannan a sakar masa. Abin da nake tarawa na sabuwar waya ne zan taɓa, tsohuwar kuwa ba ta mutu ba tukuna.

Baba bai sani ba. Ƙanwarka Auta kaɗai na nuna wa. Ka taya ni da addu'a.

Taka,
Maman 'Yan Biyu

Zuwa ga Baban 'Yan Biyu,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na gode da ka ce in yi, ko da yake na ga inda ka ja layi biyu a ƙarƙashin “ki yi hankali”. Yara suna gaishe ka, ƙaramar ta zubar da haƙori.

An sallama mini, amma bari ka ji yadda aka yi. Ranar rufewa ina bakin aiki, waya a aljihun riga. Kowa ya janye sai wani mai kiran kansa Ba-Ja-da-Baya. In na ƙara ya ƙara, in na ƙara ya ƙara. Har wata mata ta ce in ba zan sayar mata da maganin tari ba in faɗa mata ta ƙara gaba. Da ƙyar na yi tayin ƙarshe, aka rufe a kaina.

Da yamma sai ga Auta ta shigo fuska a ɗaure. Wai ta so ta saya wa Baba na'urar nan ta ba ni mamaki, don kada in taɓa kuɗin wayata, amma wata muguwa mara imani ta ƙwace mata a ƙurarren lokaci. Na tambaye ta da wane suna take tayi. Sauran ka sani. Mu biyu muka wuni muna ɗaga wa juna farashi, mai kaya na can yana sa mana albarka! Muka yi dariya har muka zauna a ƙasa, Baba ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Washegari mai kayan ya turo mini saƙo, wai in na aika masa kai tsaye a asusunsa zai rage mini kason da shafin ke cira. Ba zan ɓoye maka ba, bayan ɓarnar da ni da Auta muka yi, ragin ya ba ni sha'awa. Amma na ga in na bi ta bayan gida, ranar da abu ya lalace ba ni da wanda zan kai wa ƙara. Na ba shi haƙuri, na biya ta shafin.

Gara da na yi haka. Kwalin ya iso, na'urar ta kawo wuta, amma babu mariƙin fim, wani siririn firam na roba da ake jera negetif a ciki kafin a zura. In babu shi, akwati ne kawai mai fitila. Ban danna na yarda ba, kuɗin na nan a hannun shafin. Na rubuta masa, har yanzu shiru.

Na san kuɗina zai dawo, ba shi ne damuwata ba. Jiya na buɗe akwatin Baba na ga fumfunar ta ƙara ci.

Taka,
Maman 'Yan Biyu

Zuwa ga Baban 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum, maigidana. Ina fata kana lafiya, kana kuma cin abinci a kan lokaci. Nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

Mutumin ba macuci ba ne, tafiya ya yi. Na'urar ta marigayi yayansa ce, shi bai ma san yadda take aiki ba. Na tura masa hoton irin mariƙin, sai ga amsa cike da ban haƙuri, wai ashe da shi matarsa ke tokare tagar kicin. Ya aiko da shi, ya biya kuɗin kawowa da kansa. Na wanke maiƙon da ke jiki, na gwada, ta yi aiki, na danna aka sakar masa haƙƙinsa. Har addu'a muka yi wa juna.

Ranar hutuna na kai tebur gaban kujerar Baba, na kira Auta, na zura na farko. Da hoton ya cika fuskar kwamfutar, wasu ɗalibai ne a jere, Baba ya gyara tabarau ya matso. Bai tambayi daga ina ba, bai ce an gode ba. Cewa ya yi na sa fim ɗin a juye, in gyara. Daga nan baki ya buɗe. Wannan tela ne, wannan direba ne da bai taɓa tsayawa cik a gaban kyamara ba, wannan jaririyar yanzu likita ce. Mun ga Umma tana budurwa, siririya, tana harara. Mun gan ka kana yaro kana kuka a kan dokin katako, kunnuwan nan kamar za su tashi da kai. Yara sun ce a manna musu shi a ɗakinsu.

Can sai wani hoto ya fito a karkace, hasken ya yi yawa, ga yatsa ta rufe kusurwa guda. Wani saurayi ne ya yi barci a kujera, baki a buɗe, jariri kwance a ƙirjinsa. Auta ta ce a wuce, wannan ya lalace. Baba ya ɗaga hannu.

Ashe Baba ne, jaririn kuma kai ne. Ya ce Umma ce ta saci kyamarar ta ɗauka yana barci. Da ya wanke fim ɗin ya gani, faɗa ya yi mata kan ta ɓata masa fim. Ta yi ta roƙonsa ya buga mata shi, ya ce karkataccen hoto ba zai fita daga shagonsa ba. Har ta gaji ta daina tambaya. Yana faɗa yana goge tabarau da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa. Ni dai na tashi na ce zan duba tukunya.

Da na dawo ya ce in kai a buga masa shi babba. Auta ta ce a kwamfuta za ta iya miƙar da shi ta yanke wajen yatsar, ya fito tsaf. Ya juyo ya dube ta ya ce, “Kul. Yatsar uwarki ce.”

Yana nan yanzu a bango, kusa da taga, a karkacensa. Baba kuwa tun safe yake zaune da akwatinsa yana ware na gaba, yana ce mini ba na riƙe fim ta gefe kamar yadda ya koya mini. Ka gama gadar nan ka dawo ka karɓe ni.

Yara suna gaishe ka, Baba ya ce Allah ya yi maka albarka.

Taka har kullum,
Maman 'Yan Biyu