Da Muciya Nake Miƙa wa Karen Surukata Tuwo

Don Allah 'yata Firdausi ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Ban yi boko ba, maƙwabciyata Ramatou ce ke rubuta miki, na ce kada ta gyara min magana.

Wata huɗu ke nan ɗana Usaini ya ɗauko ni daga Kano zuwa unguwar Morrisania a Amurka. Matarsa Ba'amurkiya ce, yarinyar kirki wallahi, amma da karenta ta tare. Kare kamar ɗan maraƙi! Ran da ya shinshina min zane sai da na faɗi. Shi ne suka sayo kejin ƙarfe saboda ni, wai a koya masa zama ciki. Suka ce ko ya yi kuka in ƙyale shi.

To su tafi aiki su bar ni da shi, ya yi ta kuka kamar mutum. Ni kuwa na sha ji a wa'azi, wata mata ta shiga wuta don ta kulle kyanwa. Ni ce sila fa. Buɗewa ba zan iya ba, tsoronsa nake ji. Sai in ɗora tuwo da miya a kan muciya in miƙa masa daga nesa, ya yi shiru. Yanzu kukan ya ninka, ga gudawa, maƙwabta sun kai ƙara. Usaini ya ce kare ya ƙi horo, ran Asabar zai ba da shi. Surukata ta daina cin abinci. Ba wanda ya san zancen muciyar nan. Ina tsoron kare, ina tsoron Allah, ina kunyar surukata.

Tsohuwa mai muciya

Inna, ki kwantar da hankalinki. Waccan matar mai kyanwa abinci da ruwa ta hana ta, ke kuwa tausayi ne ya yi miki yawa. Sai dai tuwon nan ne ya koya masa cewa kuka na kawo abinci, kuma albasar miya tana cutar da kare. Ki daina.

Su Usaini ma da laifinsu. Ba a kulle babban kare wuni guda. Su zagaya da shi kafin su fita, su ajiye masa ruwa, su samo mai fitar da shi da rana. Horon nasu ne, ba naki ba.

Ki faɗa musu gaskiya kafin Asabar, ki fara da surukarki, Ramatou ta fassara. Wadda ta ji kin ciyar da karenta duk da tsoronsa da kike ji, ba fushi za ta yi ba. Allah ya ba ku zaman lafiya, Inna. Muciya kuma a sayo sabuwa.