Inna na so a binne ta gefen Baba, an ce babu wuri

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Inna na da cikina aka kashe mahaifina a yaƙi. A bayan cocin ƙauyenmu aka binne shi da sauran sojoji, duwatsu farare iri ɗaya, a jere kamar har yanzu fareti suke yi. Baba na tsakiyar layi, dama baƙo, hagu baƙo. Inna ba ta sake aure ba. Duk Lahadi in an tashi coci sai ta je ta cire masa ciyawa da hannu, tana yi masa faɗan ya bar ta da yara.

Yanzu ciwo ya kwantar da ita, likita ya ce sai haƙuri. Abu ɗaya take roƙo, a sa ta a gefensa, ni kuma da bakina na ce to. Fasto ya ce filin sojoji ba a hannunsa yake ba. Masu kula da filin suka ce ba a sa farar hula a ciki, wurin ma babu. Yayana ya ce mu ce mata an yarda, ai ba za ta sani ba. Kullum sai ta tambaye ni, ni kuwa in kama gyara mata matashi. Abinci ma ta daina ci. Zan rasa ta, kuma ina tsoron da ƙarya za mu rabu.

Autar Soja

Auta, sannu. Yayanki ba mugu ba ne, so yake ta tafi da kwanciyar hankali. Amma ke za ki rayu da ƙaryar, kuma ga alama ba za ki iya ɗauka ba. Masu filin ma ba ƙeta suka yi ba. Baƙin nan biyu 'ya'yan wasu ne, ba za a tono su ba.

Ki koma wurin fasto, ki nemi kabari mafi kusa da layin Baba a ɓangaren mutanen gari, wannan kam a hannunsa yake. Sannan ki zauna bakin gadonta ki gaya mata gaskiya. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi da ke, ki jure. In jiki ya yarda, ku ɗauke ta a kujera ta ga wurin da idonta. Kada ki jira ta samu sauƙi tukuna, yau za ki yi.

Allah Ya sassauta mata, Ya ba ki ƙarfin buɗe baki.