Rani Huɗu Ruwanmu Ba Ya Zuwa Sai Dare

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Rabon Ruwa na reshenmu, da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata Alhaji yana lafiya, da iyali, da jama'ar da Allah ya ɗora masa nauyinsu. Yaya fama da jama'a, yaya shirin rani? Allah ya taimaka.

Sunana Isyaku Garba, ƙanin Sani Garba da ake ce wa Sani Mai Albasa. Alhaji ya san mu, ya san mahaifinmu marigayi. Gonarmu ce ta biyun ƙarshe a wutsiyar kanal, ta ɓangaren Bunkure, inda siminti ya ƙare ruwa ya koma bin ƙasa. Eka biyu ce ta gado, ba mu raba ba. Yaya Sani yana noma rabi, ina noma rabi. Shekarata arba'in da shida, shi hamsin da huɗu.

Na rubuta wannan takarda a buɗe, ina kuma roƙon a karanta ta a taron da za a yi kafin a saki ruwan bana. Sau uku ina zuwa da bakina, sau ukun ana ce mini za a duba. Ban ce wani ya yi mini ƙarya ba. Wataƙila an duba.

Na ɗaya. Rani huɗu da suka wuce, lokacin da ciyawar kacala ta cike babban kanal ruwa ya ragu, kwamiti ya zauna ya raba lokaci. Na sama su sha daga asuba zuwa azahar, na tsakiya daga azahar zuwa isha'i, mu na wutsiya, mu goma sha ɗaya, daga isha'i zuwa asuba. Da yake abin da ke iso mana bai isa ya gama gona a dare ɗaya ba, sai aka ba mu dare uku a mako. Ina zaune a wurin, kusa da ƙofa, aka ce na rani ɗaya ne, baɗi za a juya. Ba a juya ba. Ba a kuma taɓa cewa an fasa juyawar ba. Kawai dai duk shekara sai a karanto rabon bara, a shafa fatiha, a tashi.

Na biyu. Ranka ya daɗe, isha'i aka ce, amma ruwa ba ya iso mu sai wajen ƙarfe ɗaya, domin wasu na sama ba sa cire bututun da suke zuƙo ruwa da shi daga kanal idan lokacinsu ya cika. Sai ɗayanmu ya bi kanal a ƙafa yana cirewa, sauran mu zauna a kan kunya muna jira. Idan ya iso, sai mutum ya ɗaura tocila a goshi, ya shiga da fartanya, ruwa iya ƙauri, ya buɗe wannan kwami, wato fangalin shuka, ya toshe wancan, har a kira salla. A bakin gona muke yin asuba. Da gari ya waye kuma aikin rana yana nan yadda yake: cirar ciyawa, feshi, zuba taki, ga dillalan tumatir da ba sa zuwa sai da hantsi. Barcinmu shi ne ɗan abin da ke tsakanin azahar da la'asar, in yara sun bari, in zafi ya bari.

Na uku, abin da ya same ni. Ranin farko ciwon kai ne kawai, na ce sabo ne ban yi ba. A na biyu sai ya zama ko daren da babu ban ruwa, ƙarfe ɗaya na yi idona zai buɗe, in kwanta ina kallon rufin ɗaki har asuba. Damina ta zo ta wuce, bai gyaru ba. Na fara mantuwa. Ina salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano, goro da shayi suka zama cimata. Wata rana ina dawowa daga Kadawa a kan babur da rana tsaka, ban san na yi barci ba sai da na farka a gefen titi, babur a kan ƙafata, mutane sun taru a kaina. Na tashi na karkaɗe riga na hau na taho. Ban ji tsoro ba, ko a lokacin ko bayan nan.

Wannan rashin jin komai shi ne abin da ya fi daɗewa tare da ni. Bara 'yata ta fari ta haihu. Ranar suna aka miƙo mini jikana na farko, na karɓe shi, na tsaya ina jira farin ciki ya zo. Bai zo ba. Na yi masa addu'a na mayar. Mai ɗakina Hajara ta lura. Da daddare ta ce mini, "Malam, kana gidan nan, amma kamar ka yi tafiya ba ka dawo ba." Ban yi mata musu ba.

Na huɗu, Yaya Sani. Wannan shi ne dalilin takardar.

A rani na uku aka gano yana da hawan jini. Ni na raka shi asibiti. Malamin asibitin ya ba shi magani, ya ce ya rage gishiri, ya kuma riƙa samun isasshen barci. Yaya ya yi dariya ya ce, "Gishiri dai na ji. Barcin kuwa sai ka rubuta wa kwamitin ruwa, a hannunsu yake." Muka yi dariya mu duka. Yana shan maganin, ba ya wasa da shi.

Daren wata Alhamis, saura mako biyu azumin da ya wuce, ruwa ya iso mu a makare kamar kullum. Shi yana can saman gona wajen albasarsa, ni ina ƙasa wajen alkama. Ta hasken tocila muke sanin inda kowa yake. Can na lura tasa ta daɗe a wuri ɗaya tana haska sama. Na kira shi sau biyu, shiru. Na taka na je. Na same shi kwance a kan kunya, ƙafafunsa a cikin ruwa, bakinsa ya karkace, idonsa biyu yana kallona.

Zan faɗi abin da na yi, domin ban taɓa faɗa wa kowa ba sai likita. Kwamin da yake bai wa ruwa ya cika, ya fara cin kunya. Na ɗauki fartanyarsa na toshe shi, na buɗe na gaba, na ga ruwa ya shiga. Sannan na ɗaga ɗan'uwana. Bai fi minti biyu ba. Ban yi shawara da zuciyata ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Yana kallona har na gama.

Maƙwabcin gonarmu, Malam Audu, shi ya kawo babur, muka sa Yaya a tsakiya muka kai shi asibiti. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya yi kwana goma sha tara aka sallamo shi. Yau yana gida, ɓarinsa na dama ba ya motsi, matarsa Yaya Rabi ce ke juya shi tana ba shi abinci a baki.

Na tambayi likitan ko rashin barci ne ya jawo. Ya ce ba zai rantse a kan abu ɗaya ba: akwai jinin, akwai shekaru, akwai gado, tunda mahaifinmu ma da hawan jinin ya rasu. Amma ya ce mai hawan jini da ke kwana a tsaye dare uku a mako, jininsa ba ya samun lokacin sauka, maganin ma ba ya cin ƙarfinsa. Na tambaye shi batun minti biyun nan. Ya ce ba su ne suka canza komai ba. Na karɓa, tunda shi ya karanta. Yaya dai ban tambaye shi ba.

Maganarsa ta tafi, sai 'yan kalmomi. Duk sanda na shiga gaishe shi, sai ya dube ni ya ce, "Ruwa?" Ranar farko Yaya Rabi ta ɗauko kofi, ya kawar da kai. Gonar yake tambaya. Sai in ce masa, "Ta sha, Yaya." Sai ya rufe ido. Har da damina haka yake tambayata, haka nake ba shi amsa.

Na biyar. Na ji abin da ake faɗa, cewa manomi bai san dare ba, iyayenmu ma haka suka yi. Na yi noman rani tare da mahaifina a fadama tun ana jan ruwa da jigo, safe da yamma muke yi, da dare yana gidansa. An kuma ce ai ma'aikatan asibiti da na kamfanin tumatir suna aikin dare. Gaskiya ne, amma su karɓa-karɓa suke yi, kuma wanda ya kwana aiki yana wuni barci. A cikinmu mu goma sha ɗaya, biyu sun ba da gonakinsu haya sun bar noman. Wasu daga cikin masu ƙananan shekaru sun koma shan ƙwaya don ido ya tsaya. Ba zan kama suna ba, iyayensu sun sani. Ban ce dare ne kaɗai ya jawo duk wannan ba. Abin da na gani na faɗa.

Ga abin da nake roƙo.

A juya rabon kamar yadda aka yi alkawari, mako-mako, kowane ɓangare ya ɗanɗana dare ya kuma ɗanɗana rana. Ban ce a ɗauke mana dare gaba ɗaya ba, na san ruwan ba ya isa.

Wanda ya kawo takardar asibiti ta hawan jini ko ciwon suga, da wanda ya manyanta, a ba shi lokacin rana ko a wane ɓangare gonarsa take.

A sa mutum ɗaya da kwamiti ya amince da shi ya riƙa bin kanal da isha'i yana tabbatar da an cire bututu, domin ruwa ya iso kan lokaci. Wannan kaɗai zai mayar mana da awa uku ko huɗu.

A kira aikin gayya a cire kacalar da ke reshenmu kafin a saki ruwa. Mu na wutsiya za mu fara zuwa.

Duk abin da aka yanke, a rubuta shi a takarda, a sa hannu.

Idan ba a yi ko ɗaya ba, ba zan yi rigima da kowa ba, ba ni da ƙarfinta. Zan shuka. Bana ni kaɗai zan bai wa eka biyun ruwa, rabina da rabin Yaya, domin gida biyu ne yanzu a kaina, baki goma sha bakwai. Makon jiya aka gwada jinina, aka ba ni irin maganin Yaya. Na faɗa ne don ya zama kwamiti ya sani tun yanzu.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya yi riƙo da hannunsa a kan wannan amana, ya tsare shi da iyalinsa daga irin abin da ya shigo gidanmu. Allah ya ba shi barci mai nauyi kowane dare. Ba da gatse na faɗa ba. A cikin abin da na sani yanzu, babu addu'ar da ta fi wannan tsada.

Wassalam.

Naka,
Isyaku Garba,
manomi a wutsiyar kanal.