Fuskar Rokar Baba Tana Akurkin Kajina

Anti, don Allah ki taimake ni kafin ranar Lahadi. Murna da tsoro sun haɗe mini, ban san mi zan yi ba.

Ni ɗiyar fari ce, bara na gama firamare a Marnona. Babanmu yana da tsohuwar roka, babbar motar nan mai dogon hanci, gadonsa ce. Albasar Wurno da ta kai kudu, Allah kaɗai ya san iyaka. Shekara biyu tana tsaye ƙofar gida, sai ga mai saye! Wani dattijo ne daga Rabah, Alhaji Halliru, ya ce irinta ya fara tuƙawa yana saurayi. Baba kuma ya yi alkawari in ta sayu zai kai ni sakandaren kwana. Anti, har na fara koyon jera kaya cikin akwati!

To, don motar ta yi kyau, Baffana Shafi'u bakanike ya cire ragar ƙarfen gabanta mai tsatsa, ya ɗaura ta wata mota ta zamani. Sai da ya huda sababbin ramuka kafin ta zauna. Duk unguwa aka yaba. Alhaji ya zo, ya ji kukan injin har yana murmushi, amma da ya tsaya gabanta ya ce wannan ba fuskarta ba ce, ba ya saye sai da tata ta asali. Ya ba su zuwa Lahadi.

Baba da Baffa suna zaton 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa sun kwashe tsohuwar ragar, har Goronyo sun je nema. Anti, tana wurina! Bayan gida na tsince ta, na yi wa kajina ƙofar akurki, na jingina zana a kai saboda rana. Ranar da Baba ya yi cigiya tsakar gida, bakina ya ƙi buɗuwa. Ban taɓa doguwar magana gabansa ba, shi ma ko sunana ba ya faɗi. Kwana huɗu ke nan suna wahala. In na faɗa yanzu, mi zai ce?

Mai Kaji, Marnona

Ɗiyata Mai Kaji, kwantar da hankalinki, maganin yana hannunki.

Ɗaukar abin da aka yar ba sata ba ce, kuma kunyar ɗiyar fari tarbiyya ce. Amma shirun kwana huɗu alhali iyayenki na yawon nema, wannan kam kin yi kuskure, kuma kullum ƙara nauyi yake.

Ba sai kin tsaya gaban Baba ba. Yau ɗin nan ki sami kakarki ko gwaggonki, ki kai ta akurkin ta gani da idonta, ita za ta isar da maganar tare da ban haƙurinki. Ki wanke ragar da ruwa kawai. Kada ki kankare, kada ki shafa fenti, Alhaji tsufanta ya zo saye.

Baffanki gyara ya nufa, amma mai saye ya fi shi gaskiya. A roƙe shi ya nuna wa Alhaji ramukan da ya huda, kada ciniki ya warware daga baya.

In an yi miki faɗa, ki sunkuyar da kai ki karɓa, ba zai kai azahar ba. Allah ya sa albarka a cinikin, ya ba ki ilimi mai amfani. Amma a makaranta, in kin san amsa, ki ɗaga hannu tun ranar farko.