Ɗigon da Na Goge a Idonka

Horia, sanyin raina, inuwata idan rana ta take tsaka, ma'abucin idanu masu launin kogin Danube bayan ruwan sama ya wanke shi! Ilinca ce, taka, daga Tulcea. Na ba Kawu Toader wannan takarda ya kawo maka Sulina a jirgin ruwan safe, tunda waya ta gaza. Duk sanda na ɗauko maganar sai ka ce iska na kaɗawa, ba ka ji na. To, takarda ba ta da iska. Zauna ka karanta.

Ka tuna watan Afrilun bara, ranar da na zo maka da sabon gilashin kyamarata? Ka kashe injin jirginka a tsakiyar ciyayin ruwa, tsuntsaye suka tashi fari fat a bayanka, kana tuƙa tuwon masara da hannu ɗaya, ɗayan yana kan sitiyari. Shekara ashirin ina aiki da tsohon gilashin mahaifina, mai tausayi, mai yafe wa fuska, wanda yake shafa wa kowa ɗan hazo har tsohuwa ta koma amarya. Sabon kuwa ba ya yafiya. Na nuna maka hoton, ka leƙa, ka ce, "Kai, Ilinca, wannan gilashin naki ɗan tsegumi ne, har ramukan hancina ya ƙirga!" Na yi dariya har miyar kifi ta sarƙe ni. Wayyo, da na san tsegumin da ya kawo mini ran nan!

Da na dawo gida na buɗe hoton a kwamfuta, na faɗaɗa shi kan ido, don mu masu hoto da ido muke auna kaifin gilashi. Gashin idonka ɗaya-ɗaya, jirgin da ni kaina muna cikin idon ƙanana. Sai ga wani ɗigo mai duhu a ƙwayar idonka na hagu, bai kai ƙwayar yashi ba. Na ce ƙura ce ta shiga kyamara. Na ɗora masa alama, na danna sau ɗaya, ya ɓace. Wannan hoton ne na wanke maka, shi ne ka rataye a ɗakin tuƙi kana nuna wa fasinjoji. Ƙarya ce ka rataye, masoyina, kuma da hannuna na yi ta.

Da lokacin zafi ya zo, ɗigon ya dawo. Na buɗe kyamara, na hura, na goge. Da kaka ya dawo. Na kwashi gilashin na koma wurin wanda ya sayar mini, na zazzage masa masifa. Bawan Allah ya gwada shi a gabana, ya ce, "Baiwar Allah, gilashin nan ya fi idona da naki lafiya." Na fito ina tsaki. Sau tara na ɗauke ka a wata goma sha huɗu, sau tara na goge. Wace irin ƙauna ce wannan, mai share abin da ba ta son gani?

Makon jiya na jera asalin hotunan tara, waɗanda hannuna bai taɓa ba. Ƙurar cikin kyamara, Horia, wuri ɗaya take zama a kowane hoto, ko me ka ɗauka. Wannan shi ne abin da mahaifina ya fara koya mini. Wannan ɗigon kuwa binka yake yi. Ka juya hagu, ya juya. Ka sunkuya, ya sunkuya. A na farko ƙwayar yashi ne, a na biyar ya kai riɗi, a na tara ya wuce haka, gefensa ya ciccinye kamar gaɓar da ruwa ke ci, har baƙin tsakiyar idon ya fara karkata wajensa.

Na kai wa Dakta Sanda, likitar idon da na ɗauki hotunan bikin 'yarta. Ka san ta da surutu. Amma ran nan ba ta ko ba ni kujera ba. Ta dubi na farko, ta dubi na ƙarshe, ta ce, "Wata nawa tsakaninsu?" Na faɗa. Ta cire tabarau ta ce, "Daga hoto ba zan rantse ba. Amma ki kawo mini shi ranar Alhamis, kada ki ce sai an gama jigilar 'yan yawon buɗe ido."

Na san abin da kake gudu. Ka ce mini a waya, "Haba uwar ganin ƙwaf, da idon nan nake hango tudun yashi tun na'urar auna zurfi ba ta yi ƙara ba!" Gaskiya ne, yau kana gani tar. Tsoronka kada likita ya rubuta kalma ɗaya a karɓe takardar tuƙinka, a raba ka da kogi. Ni kuwa tsorona kada a raba ka da duniya. Kogi yana nan tun kafin kakanka, zai jira ka. Abin da ke cikin idonka ba ya jira, wata goma sha huɗu ya yi yana tafiya, ni ina share masa sawu. Me zan yi da Danube in ba kai a kansa? Wa zai tsokane ni? Wa zai ƙona tuwo ya ce salo ne?

Ga hotuna biyu a cikin ambulan, na farko da na tara, yadda gilashin ya gan su. Ka ajiye su kusa da wanda ka rataye, ka duba da kanka, sannan ka shigo jirgin Laraba. Zan tsaya a bakin gaɓa ba kyamara.

In kuma abin ya kai ga mafi muni, aka ce sai an cire idon kafin a bar mini kai, kada ka ji kunyata. Ka manta sana'ata? Ido ɗaya nake rufewa in yi aiki. Ranar da na fara ganinka a tashar jirgi kana ɗaure igiya, ta cikin kyamara na gan ka, da ido ɗaya, kuma ya ishe ni har yau.

Taka, a haske da a duhu, wadda ba za ta ƙara goge komai naka ba,

Ilinca