Shekara Biyu Ina Ba Jikana Romon Wake

Inna Chabela, ki taimake ni, zuciyata ta karye a kan jikana Wilmer. Yana wata goma 'yata Marleny ta bar mini shi, ta tafi babban birni aikatau. Yadda uwata ta raine mu haka na raine shi: kunun masara da safe, kofi mai sukari in ya yi rigima, da rana in tsiyayo romon baƙin wake in jiƙa masa tortiya, gurasarmu ta masara. Waken kansa ba na ba shi, don mun taso ana cewa yana yi wa cikin yaro nauyi, ƙarfin duk yana cikin romo. Mu manya ke cinye waken. Ƙwan kajina kuwa kasuwa nake kaiwa.

Makon jiya ma'aikaciyar asibiti ta auna shi, ta ce shekararsa uku amma tsayinsa bai kai na ɗan shekara biyu ba. Na yi dariya na ce ai duk gidanmu gajeru ne, kakansa ma sai ya taka dutse yake hawa doki. Ba ta yi dariya ba. Ta ce yunwa ce. Yunwa a gidana, ga yaron da bai taɓa kwana ba ci ba. Tun ranar nake kuka. Marleny na tafe ranar ziyarar kaburbura, kuma kullum a waya ce mata nake yana ci sosai. Da wane ido zan dube ta?

Kaka mai nadama, daga kan tudu

Kaka, share hawayenki. Ba mugunta kika yi ba, abin da aka koya miki kika yi. Amma ma'aikaciyar ta yi gaskiya: ciki yana cika, jiki bai samu abin gini ba. Romo kusan ruwa ne. Daga yau ki dama masa waken kansa da laushi, ki bar masa ƙwai ɗaya kullum, ki sa ganye a miyarsa. Kofi kuma a daina, shi ke kashe masa sha'awar abinci. Ki riƙa mayar da shi awo.

Ba zan ruɗe ki ba, wataƙila ba duk tsayin da ya rasa zai dawo ba, amma har yanzu girma yake yi. Marleny kuwa, ki faɗa mata kafin ta iso, ta ji daga bakinki. Za ta ji zafi, haƙƙinta ne. Ita ma ta san wadda ta goya mata ɗa shekara biyu. Allah ya raya Wilmer, ya sanyaya miki zuciya.

Inna Chabela