Allunan Baba a fangalin albasa

Zuwa ga Yaya Wiebe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hiske da yara, can ƙarshen duniya da ka zaɓa ka ɓuya. Mu nan Friesland, arewacin Holland, lafiya lau. Bazara ta shigo, da safe hazo yakan kwanta a kan ruwa har shanun maƙwabta su zama kamar ba su da ƙafafu. Inna Sjoukje ta warke daga tarin, ta koma hawa kekenta da faɗa da kowa. Baba yana cin burodinsa da cuku, sai dai mantuwar ta ƙaru.

Maganarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san shekara arba'in ya yi yana jera fangalan lambun binciken tsirran nan dangi-dangi, kowane tsiro kusa da 'yan uwansa, da ɗan allon suna da ya rubuta da hannunsa. Yanzu ba ya gane hanyar kanti, amma kullum da hantsi sai ya bi fangalan yana karanta allunan, yana gyaɗa kai kamar mai gaida tsofaffin abokai. Wannan yawon shi kaɗai ya rage masa. To bara aka ce mu sake jerin, domin masu duba ƙwayoyin gado sun gano cewa kama da wane ba ta wane. Albasa da tafarnuwa da muka taso muna gani a dangin furen lili, ashe sun fi kusa da narsis, furen nan rawaya na bakin hanya. Ni da na gaji aikinsa, ni aka ba shebur.

Da kaka, sa'ad da komai ya yi barci a ƙasa, na tone kawunan albasar na kai su sabon gidansu, na binne kawunan furen tulif, ɗan dangin lili na gaske, a gurbinsu. Allunan kuwa na bar su inda suke, wai don kada hankalin Baba ya tashi. Garin neman gira na rasa ido. Da ganye ya fito, sai na hango shi a durƙushe, ya karanta allo, ya shafa ganye, ya murza ya shinshina, ya sake karantawa. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe sai ya ce min a hankali wai shi ke nan, ƙwaƙwalwarsa ta tafi, tunda har ya kasa bambanta albasa da tulif. Kwana tara bai fita ba, yana zaune bakin taga. Wallahi Yaya, ban taɓa jin kunya irin ta kwanakin nan ba.

A rana ta goma na faɗa masa gaskiya. Na zata zai yi kuka, sai ya hau ni da faɗa! Wai ni wace irin sakarya ce, wa ya koya min aiki, gara tsiro ya mutu da a bar shi da sunan ƙarya. Sannan ya sa na zana masa sabuwar bishiyar dangin a bayan ambulan. Ya bi rassan da yatsa har ƙasa, inda suka haɗe, sai ya yi murmushi. Ya ce dama ya daɗe yana zargin albasar nan, munafuka, shekara arba'in tana zaune a gidan da ba nata ba. Ya ce in aka yi ta gangarawa, ai mu ma da ita kakanmu ɗaya, shi ya sa take sa mu kuka.

Yanzu shi ke sake rubuta allunan, uku a rana, ko harafi ba ya kuskurewa. Ka gaida Hiske, da Jelle, da 'yar autarku Nynke. Inna Sjoukje ta ce a ja maka kunne.

Fangalin ƙarshe ya ce a bar shi, ba zai taɓa ba sai ɗansa ya zo ya riƙe masa gwangwanin fenti. Zumunta a ƙafa take, Yaya. Ka zo kafin kaka. Sunanka yana bakinsa har yanzu. Ni kuwa jiya, da na kawo masa gahawa, ya yi min godiya da ladabi, ya tambaye ni ko na daɗe da fara aiki a nan.

Ƙanwarka,
Tjitske